Yadda dokar da ba ta ambaci launin fata ba take tasa ƙeyar baƙaƙen fata daga Amurka

A shekarar 2016 ƙungiyar BAJI, mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata 'yan ci-rani a Amurka, ta haɗa gwiwa da masana shari'a na Jami'ar New York suka fitar da wani rahoto da har yau ake kafa hujja da shi. Rahoton ya nuna cewa baƙaƙen fata ba su wuce kashi 7 cikin 100 na mazauna Amurka waɗanda ba 'yan ƙasa ba, amma su ne kashi 20 cikin 100 na mutanen da ake gurfanarwa a kotunan shige da fice domin a tasa ƙeyarsu bisa dalilin sun aikata laifi. Duk wanda ya duba dokokin shige da fice na ƙasar a yau ba zai ga sashen da ya ce a tsananta wa wani saboda launin fatarsa ba. Saboda haka dole a nemi asalin wannan rata a wani wuri, kuma a ganina ana samunsa ne a mahaɗar hukumomi biyu, wato ɗan sandan da ke tsayar da mutum a titi, da jami'in shige da fice da ke jiran sunan mutumin ya faɗo masa a kwamfuta.

Mutanen da ake magana a kansu ba 'yan kaɗan ba ne. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa a 2019 akwai baƙaƙen fata miliyan 4.6 da aka haifa a wasu ƙasashe suna zaune a Amurka, kimanin mutum ɗaya ke nan cikin kowane baƙar fata goma, alhali a 1980 ba su wuce 800,000 ba. 'Yan Jamaika da 'yan Haiti ne suka fi yawa, sai 'yan Najeriya da 'yan Habasha. Fiye da rabinsu sun riga sun zama 'yan ƙasa, kuma da yawa daga cikin sauran suna riƙe da katin zama na dindindin, wanda aka fi sani da girin kad. Wannan yana da muhimmanci, domin mutane da dama suna ɗauka cewa kora ta shafi baƙin haure ne kawai, waɗanda suka tsallaka iyaka a ɓoye ko bizarsu ta ƙare.

Shari'ar Adrian Moncrieffe ta isa ta warware wannan zato. Ɗan Jamaika ne da aka kawo Amurka ta halastacciyar hanya a 1984 yana ɗan shekara uku, ya girma a can da katin zamansa. A 2007 'yan sanda suka tsayar da motarsa a jihar Georgia, suka sami tabar wiwi giram 1.3, wadda ba ta wuce naɗi biyu ko uku ba. Dokar tarayya ta yi afuwa ga wanda aka kama sau ɗaya da giram 30 ko ƙasa da haka domin shan kansa, amma tuhumar da aka rubuta wa Moncrieffe ita ce mallaka da niyyar rarrabawa. Ya amsa laifin, kotun jiha ta sallame shi a kan ɗaurin talala na shekara biyar, a matsayinsa na wanda bai taɓa laifi ba. Daga baya gwamnatin tarayya ta ɗauko wannan takarda, ta ce abin da ya amsa fataucin ƙwaya ne, yana cikin rukunin manyan laifuffuka masu tsanani, don haka alƙalin shige da fice ba shi da ikon ya duba shekarunsa a ƙasar ko iyalinsa, sai dai ya sa hannu a kore shi. Sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a Afrilun 2013 ta yanke hukunci, alƙalai bakwai a kan biyu, cewa gwamnati ta wuce gona da iri. Ko wannan nasarar ma ba ta wanke shi daga barazanar kora ba. Abin da ta ba shi kawai shi ne damar ya roƙi alƙali sassauci.

Rukunin laifuffukan da aka jingina masa ya samo asali ne daga wata dokar yaƙi da ƙwaya ta 1988, kuma a farko ya taƙaita ga kisan kai da fataucin ƙwaya da na makamai. A 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokoki biyu da suka faɗaɗa shi har ya haɗiye ƙananan laifuffuka. Sata, alal misali, tana shiga rukunin matuƙar an yanke wa mutum shekara ɗaya, ko da kuwa ɗaurin je-ka-gyara-halinka ne, bai kwana ko ɗaya a gidan yari ba. Dokokin sun koma baya sun kama laifuffukan da aka aikata tun kafin a kafa su, sun wajabta tsare mutum ba tare da beli ba a irin waɗannan shari'o'i, sannan sun ƙwace wa alƙalai mafi yawan ikon da suke da shi na auna halin wanda ke gabansu. Ɗan ƙasa da ya yi irin laifin yana biyan tara ko ya gama wa'adinsa ya koma gida. Mai girin kad kuwa, ranar da ya gama biyan bashin hukuma ita ce ranar da hukunci na biyu yake farawa.

Yanzu sai a tambayi wa ake tsayarwa a titi tun farko, domin a nan ne launin fata yake shigowa. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun tace bayanan tsayar da motoci kusan miliyan 100, suka gano cewa an fi tsayar da direbobi baƙaƙe, kuma bambancin yana raguwa idan duhu ya yi, lokacin da ɗan sanda ba ya iya ganin fuskar mai tuƙi daga nesa. Ƙungiyar ACLU mai kare 'yancin jama'a ta nuna a 2020 cewa ana kama baƙar fata kan tabar wiwi fiye da ninki uku na yadda ake kama farar fata, duk da cewa yawan masu shanta a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. A birnin New York, a 2011 kaɗai, 'yan sanda sun tsayar da mutane domin caje su sau fiye da 685,000, fiye da rabinsu baƙaƙe, kuma kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba. A 2013 wata alƙaliyar tarayya ta ce yadda ake gudanar da aikin ya saɓa wa tsarin mulki. Ɗan sandan da ke sintiri a unguwar Bronx ko Minneapolis ba ya bambance jikan bayi da ɗan Gini da ya sauka bara. Amadou Diallo, ɗan Gini mai tallar kaya a titi wanda 'yan sanda huɗu suka harba wa harsasai 41 a ƙofar gidansa a Fabrairun 1999, ba a tambaye shi fasfo ba.

Abin da ya ɗaure wannan da kora shi ne musayar bayanai. Tun daga 2008, ƙarƙashin wani shiri da gwamnatin George W. Bush ta ƙaddamar kuma ta Barack Obama ta baza shi ko'ina, duk wanda aka kai ofishin 'yan sanda aka ɗauki zanen yatsunsa, ana tura zanen ga hukumar FBI, daga nan ya wuce ga ma'aikatar tsaron cikin gida. Idan sunan ya nuna ba ɗan ƙasa ba ne, hukumar ICE, wadda aka kafa a 2003 domin kamawa da korar 'yan ci-rani, tana iya aika takarda ta ce a riƙe mata shi ko da an janye tuhumar. A zamanin Obama ne adadin waɗanda ICE ta kora ya haura 400,000 a 2012. Akwai kuma sashe na 287(g) na dokar 1996, wanda ke ba 'yan sandan jiha da na ƙananan hukumomi damar yin aikin jami'an shige da fice, kuma a 2025 yawan irin waɗannan yarjejeniyoyi ya haura dubu. A Janairun 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan dokar Laken Riley, wadda ta wajabta tsare baƙon haure idan an kama shi ko an tuhume shi da sata, ko da ɗan hali ne a kanti, ba tare da jiran kotu ta same shi da laifi ba. Ma'ana, zargin mai gadin kanti da shawarar ɗan sanda ɗaya sun wadatar. Duk dokar da ta jingina makomar mutum a kan kamu kawai, to ta gaji duk son zuciyar da ke cikin kamun, ko da masu rubuta ta ba su nufi haka ba.

Kotun da ake kai mutum daga nan ba irin wadda ya saba gani ba ce. A dokar Amurka kora ba hukuncin laifi ba ne, sha'anin mulki ne, don haka gwamnati ba ta ba wanda ba shi da hali lauya kyauta kamar yadda take ba wanda ake tuhuma da fashi. Alƙalan ma ma'aikatan ma'aikatar shari'a ne, ƙarƙashin antoni janar, kuma shari'o'in da suka taru a gabansu sun haura miliyan uku. Wani nazari da ya duba shari'o'in 2007 zuwa 2012 ya gano cewa kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda ke tsare suka sami lauya. Yawancin tsararrun ana ajiye su ne a wuraren da kamfanoni masu zaman kansu ke tafiyarwa, irin su GEO Group da CoreCivic, kuma da yawa suna can cikin ƙauyukan Louisiana da Mississippi da Texas, tafiyar sa'o'i daga birnin da ake samun lauyan da ya san aikin. Ƙungiyar RAICES ta Texas, wadda ke biya wa tsararru kuɗin beli, ta ce tsakanin 2018 da 2020 matsakaicin belin da ta biya dala 10,500 ne, amma na 'yan Haiti ya kai dala 16,700.

Ga kuma matsalar harshe, wadda ba a cika magana a kanta ba. An gina tsarin ne a kan Turanci da Sifaniyanci, takardu da sanarwa da masu gadi duk haka. Mai neman mafakar da harshensa Fulatanci ne ko Wolof ko Soninke, irin dubban 'yan Muritaniya da Senegal da Gini da suka bi jirgi ta Turkiyya zuwa Nikaragua a 2023 sannan suka haura ta Meksiko, yakan yi makonni yana jiran a samo tafinta, ko a haɗa shi ta wayar tarho da wanda karin harshensu ya sha bamban, ko a ce ya yi haƙuri da Faransancin da bai iya sosai ba. A wannan hirar ta farko ce ake tambayarsa ranar da aka kama shi a gida, sau nawa aka doke shi, wa ya ɓoye shi. Idan tafinta ya ce wata uku inda shi ya ce mako uku, wannan saɓanin yana nan a rubuce, kuma watanni bayan haka alƙali zai iya karanta shi ya ce mai neman mafakar ba abin gaskatawa ba ne.

Wannan tsari na tsare masu neman mafaka bai faɗo daga sama ba, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a kan 'yan Haiti aka fara gwada shi. Daga 1954, lokacin da aka rufe sansanin tsibirin Ellis, Amurka ta kusan daina kulle baƙi masu jiran shari'a. A 1980 'yan Kuba kimanin 125,000 suka sauka a Florida daga tashar Mariel ta Kuba, a daidai lokacin da dubban 'yan Haiti ke isowa cikin kwale-kwale suna gudun mulkin kama-karyar Jean-Claude Duvalier. 'Yan Kuba suna da dokar 1966 da ta ba su hanyar samun katin zama, saboda suna gudun kwaminisanci. Duvalier kuwa abokin Amurka ne a yaƙin cacar baka, don haka aka ce mutanensa yunwa ce ta koro su, ba zalunci ba. A 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta dawo da tsarewa a matsayin hanyar tsoratarwa, aka cika sansanin Krome da ke kusa da Miami da 'yan Haiti, sannan ta ƙulla yarjejeniya da Duvalier cewa dakarun tsaron gaɓar teku za su tare jiragen a kan ruwa su mayar da su. Daga 1981 zuwa 1990 an tare mutum 22,940, kuma 11 ne kacal aka ga sun cancanci su shiga su nemi mafaka. Bayan juyin mulkin da ya kifar da shugaban Haiti Jean-Bertrand Aristide a 1991, aka kwashi dubban masu gudu aka zube a sansanin sojan Guantanamo, shekara goma kafin duniya ta san sunan wurin da fursunonin yaƙi da ta'addanci. Waɗanda aka samu da ƙwayar cutar HIV an killace su a bayan waya mai ƙaya har sai da wani alƙalin tarayya ya ba da umarnin sakinsu a 1993, shekarar da Kotun Ƙoli ta halatta tare mutane a teku a mayar da su ba tare da an saurare su ba.

Kusan shekara talatin bayan haka, a Satumbar 2021, mutane kusan 15,000, yawancinsu 'yan Haiti, suka taru a ƙarƙashin gadar Del Rio a Texas, watanni biyu bayan kashe shugaba Jovenel Moïse, wata guda bayan girgizar ƙasa. Hotunan jami'an iyaka a kan dawakai suna kora su cikin kogi sun zagaya duniya. Binciken hukumar tsaron iyaka daga baya ya ce an yi amfani da ƙarfin da bai kamata ba, ko da yake bai sami shaidar an yi bulala ba. Abin da ya fi hotunan nauyi shi ne jiragen da suka biyo baya. Gwamnatin Joe Biden ta yi amfani da dokar kiwon lafiyar da Trump ya ɗauko a lokacin korona ta mayar da 'yan Haiti fiye da 20,000, da yawansu ba a ba su damar faɗin ko kalma ɗaya kan neman mafaka ba, har manzon Amurka na musamman a Haiti, Daniel Foote, ya ajiye aikinsa don nuna rashin yarda. Na jero sunayen shugabannin nan ne da gangan, domin masu ɗora wa jam'iyya ɗaya wannan al'amari ba su karanta tarihinsa ba.

Ɓangare na biyu na matsalar shi ne ƙofofin da baƙaƙen fata ke shigowa ta cikinsu, waɗanda suka fi na kowa ƙunci da sauƙin rufewa. Dokar 1924 ta raba gurabe bisa asalin ƙasa domin fifita arewacin Turai, kuma ta 1952 ta taƙaita kowane yankin mulkin mallaka na Karebiyan ga mutum 100 a shekara, abin da ya karkata dubban 'yan Jamaika zuwa Ingila. Dokar 1965 ta rushe wannan tsari, kuma albarkacin gwagwarmayar baƙaƙen Amurka ta neman 'yanci aka same ta, gaskiyar da ya kamata 'yan Afirka masu yi wa waɗannan mutane kallon raini su riƙa tunawa. Sai dai dokar ta fifita haɗa iyali, wato wanda ke da uba ko ɗa ko ɗan'uwa a can shi ne a gaba, su kuwa 'yan Afirka an daɗe da hana su shiga, ba su da wanda zai ja su. Shi ya sa suka dogara da hanyoyi uku: karatu, gudun hijira, da ƙuri'ar bizar nan ta gurabe 55,000 da dokar 1990 ta ƙirƙiro. An cire Najeriya daga ƙuri'ar tun zagayen 2015 saboda mutanenta sun haura adadin da aka ƙayyade. Bizar karatu kuwa, wani rahoto ya nuna an hana fiye da rabin ɗaliban Afirka da suka nema a 2022. Shirin 'yan gudun hijira, wanda 'yan Kwango suka yi shekaru suna kan gaba a cikinsa, an dakatar da shi a Janairun 2025, sai ga shi a watan Mayu an karɓi farar fata 'yan Afirka ta Kudu 59 a filin jirgi da tutoci, aka kuma sa iyakar waɗanda za a karɓa a shekarar 2026 a mutum 7,500, mafi ƙaranci tun kafa shirin a 1980.

Akwai kuma matsayin kariya na wucin gadi, TPS, wanda ake ba 'yan ƙasar da yaƙi ko bala'i ya afka wa. Yana ba mutum izinin aiki da kariya daga kora, amma ba ya wuce wata 18 sai an sabunta, kuma ba ya kai mutum ga katin zama. Somaliya ta shiga shirin a 1991, Sudan a 1997, Haiti bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, Kamaru da Habasha a 2022. Mutum yana iya yin shekara ashirin a haka, ya haifi 'ya'ya 'yan ƙasa, ya sayi gida, ya biya haraji, amma zamansa kamar na ɗan haya ne da mai gida ke iya cewa ya tashi kowace shekara da rabi. A 2025 gwamnatin Trump ta soke kariyar 'yan Kamaru, ta kuma sanar da soke ta 'yan Haiti fiye da 300,000, a lokacin da gungun 'yan daba ke riƙe da mafi yawan birnin Port-au-Prince, abin da ya jefa maganar cikin kotuna. 'Yan Laberiya ne suka tsira daga wannan zaman ɗar-ɗar, bayan kusan shekara talatin, lokacin da majalisa ta ba su hanyar katin zama a Disambar 2019, kuma Trump ɗin ne ya sa hannu. Wannan ya nuna gyaran ba abu ne mai wuya ba idan majalisa ta ga dama.

Sai takunkuman hana shiga. Na Janairun 2017 ya haɗa da Somaliya da Sudan da Libiya, aka ƙara Chadi a Satumba aka cire ta a 2018. A Janairun 2020 aka hana 'yan Najeriya da Eritiriya bizar zama, wato irin wadda miji ke nema wa matarsa ko ɗa ke nema wa mahaifiyarsa, har sai da Biden ya soke a ranar da ya hau mulki. A Yunin 2025 aka dawo da jerin ƙasashe 12, bakwai daga Afirka, ga kuma Haiti. Shugaban Chadi Mahamat Idriss Déby ya mayar da martani da dakatar da ba Amurkawa biza. Wata guda bayan haka aka rage yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku, kuma a Disamba aka faɗaɗa jerin ya haɗa da Nijar da Mali da Burkina Faso, aka sa wa Najeriya takunkumi na wani ɓangare.

Adalci ya wajabta a faɗi hujjar gwamnatin Amurka. Kowace ƙasa tana da ikon zaɓen wanda za ta bari ya shigo, kuma gaskiya ne wasu suna shiga da bizar ziyara su ƙi fita, wasu suna ƙirƙirar labarin neman mafaka, wasu gwamnatocin kuma ba su da tsarin fasfo abin dogaro. Sanarwar Yunin 2025 ta ce kusan rabin 'yan Chadi masu bizar ziyara sun zarce wa'adinsu a 2023. Amma wannan rabin 'yan ɗaruruwan mutane ne, alhali ƙasashen da masu zarce wa'adinsu suka kai dubban gomomi ba su shiga jerin ba. Kuma yana da wuya a raba manufar da kalaman masu ita. A Janairun 2018 an ruwaito Trump yana kiran Haiti da ƙasashen Afirka da wata kalmar ƙazanta a taro da 'yan majalisa, ko da yake ya musanta, sannan a muhawarar Satumbar 2024 ya maimaita ƙaryar cewa 'yan Haiti a garin Springfield na Ohio suna cin karnuka da kyanwoyin maƙwabta. Mahukuntan garin sun ƙaryata, amma barazanar bama-bamai fiye da 30 ta biyo baya, aka rufe makarantu, a kan mutanen da yawancinsu suna da takardun zama kuma masana'antun garin ne ke ɗaukarsu aiki.

Illar duk wannan ba ta tsaya kan wanda aka kama ba. Matar da mijinta ke dukanta takan yi shiru don ta san kiran 'yan sanda zai iya ƙarewa da korar mai ciyar da gidan. Ma'aikacin da aka danne wa albashi ba ya kai ƙara. Baƙaƙen fata 'yan ci-rani suna da yawa a aikin jinya da kula da tsofaffi da tuƙin haya, kuma duk wanda izinin aikinsa ya faɗi, tukunyar wani gida ce ta mutu a Kano ko Kumasi ko Cap-Haïtien, musamman idan aka tuna cewa kuɗin da 'yan Najeriya ke aikowa daga waje yana kai kimanin dala biliyan 20 a shekara. Masu digiri da ke ganin ilimi da kwat sun raba su da wannan matsala suna yaudarar kansu, domin digiri ba ya bayyana a fuskar direba.

Korar kanta ma tana da nata labarin. A Disambar 2017 an ɗora 'yan Somaliya 92 a jirgi da ankwa da mari, jirgin ya tsaya a Dakar, ya kasa ci gaba, ya koma Miami bayan sun shafe kusan kwana biyu a ɗaure. A Oktoba da Nuwambar 2020 aka kwashi 'yan Kamaru da dama, yawancinsu daga yankin masu Turanci da ke cikin rikici tun 2016, wasunsu sun yi yajin cin abinci a Louisiana kafin nan. Rahoton Human Rights Watch na Fabrairun 2022 ya bi sawunsu, ya tarar an tsare wasu, an azabtar da wasu, an yi wa wasu fyaɗe, kuma takardun neman mafakarsu, waɗanda doka ta ce sirri ne, sun faɗa hannun jami'an Kamaru. Watanni biyu bayan rahoton Amurka ta ba 'yan Kamaru kariyar wucin gadi, wato ta amsa da kanta cewa ƙasar da ta mayar da mutanen ba ta da aminci.

Sabon salon da ya bayyana a 2025 shi ne kai mutum ƙasar da bai taɓa takawa ba. Bayan Kotun Ƙoli ta share hanya a watan Yuni, aka sauke mutum takwas a Sudan ta Kudu, ɗaya ne kawai daga cikinsu ɗan ƙasar, aka kai biyar Eswatini aka kulle su a gidan yari, cikinsu har da ɗan Jamaikan da ƙasarsa ta ce ba ta taɓa ƙin karɓarsa ba. Gwamnatin Eswatini ta tabbatar da karɓar dala miliyan 5.1. Ruwanda ta amince da karɓar mutum har 250. Ministan harkokin wajen Najeriya na wancan lokacin, Yusuf Tuggar, ya fito a watan Yuli ya ce Amurka na matsa wa ƙasashen Afirka lamba su karɓi irin waɗannan mutane, kuma Najeriya ba za ta karɓa ba, tana da nata matsalolin. Ghana ta bi wata hanyar. A Satumba shugaba John Mahama ya tabbatar da isowar mutum 14 'yan Afirka ta Yamma, yawancinsu 'yan Najeriya, yana kafa hujja da 'yancin zirga-zirga na ECOWAS. Lauyoyinsu sun ce wasu daga cikinsu alƙalan Amurka sun riga sun hana a mayar da su ƙasashensu saboda haɗarin azabtarwa, amma da aka ajiye su a Accra sai aka wuce da su gaba, abin da dokar Amurka ta hana a yi kai tsaye aka yi shi ta hannun wata ƙasa. Kafin watan ya ƙare, gwamnatin Ghana ta sanar cewa Amurka ta ɗage taƙaitawar bizar da ta sa wa 'yan ƙasarta, an dawo musu da bizar shekara biyar.